Kashin Tama Ba Ya Ƙarya

Wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza ta nufi Keita ya san fuskar ƙasar Adar: tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙin dutse ya lulluɓe su, ga kwaruruka a ƙasa inda ake noman dawa da albasa. A cikin wannan baƙin dutse, a wurare da dama, akwai wanda ba dutse ba ne. Jikinsa duk ƙananan ramuka, wani gefen yana ƙyalli, wani gefen kuma da alamar ya taɓa narkewa ya kwarara kafin ya daskare. Yaro makiyayi zai jefi tsuntsu da shi ya wuce. Tsohon maƙeri kuwa sai ya ɗauka ya juya shi a tafin hannu, ya auna nauyinsa, sannan ya ce maka kashin tama ne, a nan wasu suka taɓa dafa ƙarfe.

Wannan juyawa da aunawa kafin a buɗe baki ita ce gwanintar da nake son yabawa. Gwaninta ce ta mutumin da ba ya yanke hukunci kan abin da ya shige sai ya tambayi abin da ya rage a ƙasa. Maƙera sun gaje ta a bakin wuta, masu binciken kufai sun mayar da ita ilimi mai ƙa'ida a jami'o'i, kuma yau muna bukatarta ƙwarai saboda abin da wayoyinmu ke kawo mana dare da rana. Bidiyo zai shigo ta WhatsApp ko TikTok, da kiɗa mai tada tsigar jiki da murya mai cike da tabbaci, yana cewa ba hannun ɗan Adam ne ya gina dalar Masar ba, wasu halittu ne suka sauko daga sararin samaniya. Ko a ce mutanen farko suna da lantarki da jiragen sama da injunan yankan dutse, ilimin ne ya ɓace. Ko a nuno hoton ƙwarangwal mai tsawon giginya a ce ga Basamude an tono. Kafin la'asar labari ya zagaye majalisa. Zancen ba sabo ba ne a duniya, domin tun 1968 wani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Erich von Däniken ya fitar da littafin da ya yaɗa batun baƙi daga sama, aka sayar da miliyoyin kwafi. Abin da ya sauya shi ne yanzu zancen yana isowa har teburin mai shayi a Tamaske, kuma da Hausa.

Tambayar farko da gwanin tantancewa yake yi gajera ce: ina sharar aikin? Kowace sana'a tana da abin da take zubarwa, kuma sau da yawa abin da aka zubar ya fi abin da aka ƙera daɗewa a duniya. Babu sana'ar da ta kai dafa tama nuna haka, don haka mu ɗan zauna a kanta.

A saman tsaunukan Adar akwai shimfiɗar dutse mai ƙarfe a ciki, daga ja-ja zuwa baƙi. Masu dafa tama sun san wanda ke da albarka da wanda zai ci musu gawayi a banza. Su haƙo, su farfasa, su tsince. Sai gawayi, shi ma ba na kowane itace ba, na itace mai tauri irin ƙirya wanda garwashinsa ke jimawa. Sai ginin tanderu da yumɓu, da bututun yumɓu inda iska za ta bi ta shiga. A wasu ƙasashen zugazugi ke tura iskar, a wasu kuwa tsawon tanderun ne ke jawo ta da kansa. A jera gawayi da tama hawa-hawa, a sa wuta, a kwana ana tsaro. Zafin ciki yakan kai maki 1,200 a ma'aunin Salsiyos ko kusa da haka, alhali tsantsar ƙarfe ba ya narkewa sai a maki 1,538. Wato a cikin tanderun nan ƙarfen bai taɓa zama ruwa ba. Iskar da ke tashi daga gawayin da ke ci ita ce take zare iskar da ta haɗe da ƙarfen ta mai da shi dutse. Ƙasa da yashin da ke cikin tamar su suke narkewa su gangara, ƙarfen kuma ya tattaru ya zama dunƙule mai huji-huji. Shi ake fiddawa a kai maƙera, a sake gasawa, a riƙe da awartaki a yi ta bugu da masaba a kan uwar maƙera har sauran dattin ya fita, sannan ya zama hauya da gatari da lauje da mashi. Mutanen da suka iya wannan ba su da ma'aunin zafi. Da launin harshen wuta da ƙarar iska suke sanin halin da ciki yake.

Abin da ya narke ya gangara shi ne kashin tama. Hauyar ta cinye a gona, tsatsa ta ci mashin, maƙerin ya koma ga Ubangijinsa, amma kashin yana nan. Ruwa ba ya narkar da shi, gara ba ta cinsa, ɓarawo ba ya ɗauka. Kuma ga wanda ya iya karatunsa, yana magana dalla-dalla. Siffarsa tana nuna ko an buɗe masa hanya ya kwararo waje ko a rami ƙarƙashin tanderu ya daskare, daga nan a gane irin ginin da aka yi ko da ginin ya rushe. Nauyinsa, da abin da na'urar ƙara girman abu take nunawa a cikinsa, suna bayyana yawan ƙarfen da ya kuɓuce wa mai aikin, wato iyakar gwanintarsa. Gutsuren bututun da ya maƙale a jiki yana nuna ta inda iska ta shiga. Ɗan gawayin da ya saƙale a ciki yana faɗin irin itacen da aka ƙona, kuma ana iya auna shekarunsa. Girman tsibin kansa yana ba da ƙiyasin ko aikin gida ɗaya ne ko na zuriya bayan zuriya.

An ma ga aikin da ido a nan ƙasar. Nicole Echard, Bafaranshiya mai nazarin al'adu, ta zauna da manoma da maƙeran Adar tun shekarun 1960, ta ɗauki fim ɗin dafa tama mai suna Noces de feu, ta kuma yi rubutu a kan kashin tama da al'adun da ke kewaye da shi. A lokacin sana'ar tana kan hanyar mutuwa, domin tsohon ƙarfen motoci da sauran tarkacen Turawa sun shigo kasuwa, sun fi sauƙin samu. Kowa ya san dafa tama sana'a ce mai sirri, ta gado, mai cike da hani da asiri, ba kowa ake bari ya matso ba. Duk da wannan ɓoyo, ta bar ramukan haƙa, ta bar toka, ta bar fasassun bututu da tsibin kashi. Idan ƴan tsirarun mutane masu ɓoye aikinsu sun bar shaida irin wannan, yaya za a yi al'umma guda mai injuna da lantarki ta shuɗe ba ta bar ko guntun waya ba?

Ɗauki wannan tambaya ka tafi da ita Giza. Babbar dalar nan ta Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, an ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3. Ba laifi ba ne mutum ya tsaya a gabanta ya riƙe baki. Amma sharar aikin tana nan, kuma tana da yawa. Ramin da aka sari mafi yawan duwatsun yana nan kusa da dalar. Tun ƙarshen shekarun 1980 Mark Lehner da abokan aikinsa suke tona garin ma'aikatan a kudu da wurin, sun sami gidajen toya burodi da tarin kaskon toyawa, da ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da kifin da aka ciyar da su. A 1990 aka gano maƙabartar ma'aikatan, ƙasusuwan bayansu sun nuna wahalar ɗaukar nauyi, wasu da karayar da aka ɗora ta warke. A 2013 kuma, a Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, tawagar Pierre Tallet ta tono takardun wani jami'i mai suna Merer, inda ya riƙa rubuta aikin mutanensa rana bayan rana: lodin farin dutse a Tura, dakonsa a jirgin ruwa ta kogin Nilu, saukewa a Giza, komawa a sake. Mutum ne mai shugaba a samansa da lissafin abinci a hannunsa, yana rubuta abin da ya yi don kada a tuhume shi.

Shaidar da ta fi burge ni ita ce kurakurai. Kafin Khufu, mahaifinsa Sneferu ya gina dala a Dahshur wadda aka fara da tsayuwa mai tsanani, kusan digiri 54, da aka ga ginin ba zai ɗauka ba sai aka karya kwanar zuwa kusan 43, har yau a tanƙware take. Ta Meidum kuwa jikinta na waje ya zube. A Aswan akwai wani dogon ginshiƙin dutse na wani zamani daga baya da ya tsage tun ana sassaƙa shi, aka bar shi kwance a ramin, ga dunƙulallun duwatsu masu tauri da ake dakansa da su an same su a wurin. Wannan tarihin masu koyo ne, waɗanda suka gwada, suka yi asara, suka gyara. Gaskiya ne har yau masana suna jayayya kan yadda aka tsara gangaren da ake jan duwatsu a kai zuwa sama. Amma gwanin tantancewa ya san cewa jayayya kan mataki ɗaya ba ta rushe sauran matakan da aka tabbatar, kuma gurbin da ya rage a ilimi ba lasisi ba ne na cusa duk abin da rai ya so.

Kada wani ya ɗauka wannan hali na Turawa ne. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi maganin wannan zance tun a Muƙaddimarsa ta 1377. Ya lura cewa mutane kan ga dalar Masar, ko fadar Kisra ta Farisa, ko manyan bakunan ginin da ke kai ruwa Kartaj, sai su ce ai mutanen da jikinsu ya ninka namu. Ya ce kuskure ne. Manyan gine-gine suna fitowa daga ƙarfin daula, da tara hannaye masu yawa, da dabarun injiniya na ɗaga nauyi, wani lokaci ma sarki ya fara wani ya ƙarasa. Sannan ya kawo hujjar da kowane mai tafiya zai iya dubawa: gidajen da ake dangantawa da Samudawa, waɗanda aka sassaƙa a jikin duwatsu a kan hanyar alhazan Sham, ƙofofinsu da ɗakunansu ba su wuce girman na sauran mutane ba. Malami ne, alƙali ne na mazhabar Malikiyya, kuma bai ga wani saɓani tsakanin imaninsa da auna ƙofa ba.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe da kyau. Abin da nassi ya tabbatar game da Annabi Sulaiman da aljanun da aka hore masa, ko Annabi Dawuda da aka tausasa wa ƙarfe, wannan babin imani ne, mumini ya karɓa. Amma mutum ya nuna wata ganuwa ko wata tsohuwar rijiya ya ce wannan aikin aljanu ne, wannan da'awa ce tasa, babu nassin da ya ambaci wannan ganuwar, don haka sai ya kawo hujja kamar kowa. Addinin da ya umarce mu a Suratul Hujurati da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, wanda malamansa suka gina ilimi guda kan bin isnadi mutum bayan mutum, ba zai so mu haɗiye bidiyon da ba a san wanda ya haɗa shi ba don kawai an sa masa ƙira'a a farko. Hoton ƙaton ƙwarangwal ɗin nan da ya yi ta yawo tun 2004 a matsayin mutanen Adawa da aka tono a hamadar Larabawa, da aka bi isnadinsa sai aka tarar an haɗa shi ne a 2002 don wata gasar sarrafa hoto da kwamfuta. Ramin da ke cikin hoton na gaske ne, amma a jihar New York ta Amurka yake, kuma abin da aka tono a ciki wata dabba ce mai kama da giwa da ta ƙare a duniya. Manyan ƙasusuwa kam akwai su a ƙasarmu, a wajen Ingal da Gadufawa an tono waɗanda ƙashin cinya ɗaya ya kusa tsawon mutum. Wanda ya san sigar ƙashi yana dubawa zai ce maka na dabbobin farko ne masu dogon wuya da jela, ba na ɗan Adam ba.

Wani reshe na gwanintar shi ne rarrabe aikin hannu da halittar Allah, kuma Adar makaranta ce a wannan fanni. A gangaren tsaunuka wajen Tamaske da Garadume ana tsintar ƙananan duwatsu dunƙulallu masu zanen tauraro mai reshe biyar, daidai wa daida, sai ka rantse wani gwani ne ya zana. Babu wanda ya zana su. Gawar wata ƴar dabbar teku ce mai ƙaya da ta zama dutse, kuma danginta suna nan da rai a tekunan duniya da irin wannan zane. Kusan shekara miliyan 60 da suka shige ruwan teku ya shimfiɗa a wannan yanki, shi ya bar su, shi ya bar farin dutsen da masana'antar Malbaza take yin siminti da shi. Tun farkon zuwan Faransawa aka kwashi irinsu daga wajen Tamaske aka kai Faris aka yi nazari. Haka zancen yake game da zagayayyen dutsen Rishat na Muritaniya, mai faɗin kusan kilomita 40, wanda masu bidiyo ke cewa kufan ɓataccen birnin Atlantis ne. Tudu ne da ya kumburo daga ƙarƙashin ƙasa, iska da ruwa suka zaizaye shi zobe-zobe. Babu ganuwa, babu jujin gari, babu tarin katangar tukwane irin wanda birni ke bari.

Gatarin aradu kuma akasin haka ne. Mun taso muna jin cewa tsawa ce take jefo shi daga sama. Amma dubi bakinsa da kyau, za ka ga sawun wasawa, layi-layi, gefen nan da gefen can sun haɗu a tsakiya. An sami waɗanda aka fara ba a gama ba, an sami duwatsun da aka wasa su a kai har suka yi kwari. Gatarin mutanen da suka rayu kafin a san ƙarfe ne. Turawa ma sun daɗe suna cewa na tsawa ne, har a 1723 Antoine de Jussieu ya ajiye irinsu kusa da gaturan dutse da aka kawo daga mutanen nahiyar Amurka masu aiki da su a lokacin, aka ga abu ɗaya ne. Kwatanta abin da ba ka sani ba da wanda ka sani, wannan ita ce dabarar, kuma tana yanka ta kowane gefe.

Sai dai mafi wuya a wannan sana'a shi ne mutum ya yi shakkar labarin da yake masa daɗi. A nan ne ake gane gwani na gaske, kuma misalin da ya fi kyau a Nijar ya faru. A ƙarshen shekarun 1970 Danilo Grébénart, Bafaranshe mai binciken kufai, ya tono wasu ƙonannun ramuka masu baƙuwar siffa a Afunfun, kudu da Agadas. Ya ɗauke su a matsayin tanderun narka tagulla. Da aka auna gawayin ciki sai ya ba da shekaru kusan 4,000. Labari ne babba, domin zai sa Nijar cikin wuraren da aka fara sarrafa tagulla da wuri ƙwarai a Afirka. Wane ɗan ƙasa ne ba zai so haka ba?

Awon da ake yi ɗin yana da tushe mai ƙarfi. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon muddin yana raye, da ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Willard Libby ne ya fito da dabarar, ya sami kyautar Nobel a kanta a 1960. Amma akwai tarko. Awon yana faɗin lokacin da itacen ya mutu ne, ba lokacin da aka hura wuta da shi ba. A ƙasa mai damina bambancin kaɗan ne, don mataccen itace ba ya jimawa. A hamada kuwa kututture yana iya tsayawa ɗaruruwan shekaru, har fiye, bai ruɓe ba. Da David Killick da Nikolaas van der Merwe da Robert Gordon suka sake duba kayan Afunfun a ɗakin gwaji, sai suka ga yawancin abin da aka kira tanderu kututturan itatuwa ne da wuta ta ci har cikin saiwa, ƙasar da ke kewaye ta gasu ta ɗauki siffarsu. Mafi yawan abin da aka zata kashin tagulla kuma ƙasa ce da zafi ya narkar. Suka buga sakamakon a 1988, kuma sunan Grébénart kansa yana cikin marubutan. Mutum ya sa hannu a takardar da ta rage girman abin da ya fi shahara da shi. Wannan dattaku ne da ya cancanci a koya wa yara a makaranta. Kuma binciken bai bar mu hannu wofi ba: ya tabbatar da cewa tanderun da suka biyo baya a yankin, na cikin shekaru 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa, na tagulla ne na haƙiƙa.

Haka ake yi da batun ƙarfe. Akwai masu cewa a Termit, gabashin Nijar, an san ƙarfe tun shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa ko ma kafin haka, akwai masu cewa iska ta kwashe ƙasar wurin ta haɗa kayan zamani daban-daban a fili ɗaya, don haka ba a tabbatar abin da aka auna da ƙarfen da aka tsinta tare suka zauna ba. Ana nan ana fafatawa, da hujja, a fili. Abin da ya zauna daram ya isa abin alfahari: tanderun Taruga na al'adar Nok a tsakiyar Najeriya sun haura shekara 2,200, an dafa tama a Dutsen Dala na Kano tun ƙarni na 7, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin wuraren dafa tama na Burkina Faso cikin kayan tarihin duniya, ciki har da Durula mai komawa ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Bambancin masu wannan jayayya da mai bidiyo shi ne su suna faɗin abin da zai sa su janye maganarsu idan aka same shi. Shi kuwa duk hujjar da ka kawo masa sai ya ce ai ɓoyewa ake yi.

Akwai dalilin da ya sa abin yake ci mini rai, ya wuce son gaskiya kawai. Duba ka ga gine-ginen su wa ake yawan cewa ba mutanen wurin suka yi ba. Da Karl Mauch ya isa kufan Zimbabuwe a 1871 sai ya ce aikin Sarauniya Bilkisu ne. David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tona, suka duba tukwane da kayan gida hawa-hawa, suka tabbatar kakannin ƴan ƙasar ne suka gina, amma gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ta ci gaba da matsa wa masu faɗin haka, har mai binciken kufai Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. Da Leo Frobenius ya ga kan tagulla da kawunan yumɓu na Ife a 1910 sai ya ce ragowar Atlantis ne, don zuciyarsa ta ƙi yarda Bayarabe zai iya. Zancen baƙi daga sama jikan wannan zance ne. Duk lokacin da muka tura shi gaba, muna taya wasu ƙwace wa kakanninmu ladan guminsu.

Mutanen Keita sun fi kowa cancantar gane wannan. Daga 1984, bayan farin da ya gigita ƙasar, aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin FAO da PAM. An kawo motoci da taraktoci, amma jera dutse da haƙa ramukan dashe hannu ne ya yi su, kuma mafi yawan hannayen na mata ne, ana biyansu da abinci. Dutse bayan dutse aka ja layuka a kan fako da gangaren tsauni, aka ɗaure ƙoramu da madatsai, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wanda ya dubi hoton yankin daga sama yau zai ga zane mai tsari ya mamaye tsaunuka. Idan takardu suka ɓace, bayan shekara 1,000 wani zai iya nuna wannan zane ya ce ba aikin talakawa ba ne. Mu da muka san iyayen da suka ɗauki duwatsun a ka mun san abin da jama'a mai tsari da haƙuri take iyawa, kuma shi ne abin da Ibn Khaldun ya faɗa game da dala.

Gwanintar nan ba ta bukatar digiri kafin a fara ta, amma tana bukatar masu riƙe ta. Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar na kafin zuwan Turawa a 1975 ta hanyar sauraron tsofaffi da gwada maganarsu da rubutattun takardu. Ɗaliban wannan jami'a suna da aiki irin nasa a ƙofar gida, domin a garuruwan Buza da Keita da Madawa akwai sauran dattawan gidajen ƙira da suka ji yadda ake dafa tama daga bakin waɗanda suka yi, kuma ba za su dawwama ba.

Ga sauranmu kuma roƙona ɗaya ne. Rabin shaidar kowane tsohon abu tana cikin wurin da yake kwance: zurfinsa, da abin da ke samansa, da abin da ke gefensa. Da an cire shi, wannan rabin ya tafi har abada. Mun ga abin da ya sami Bura a yammacin Nijar, inda Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, daga baya masu neman kuɗi suka afka wa kufan yankin suka kwashe tukwane da mutum-mutumin yumɓu zuwa kasuwannin Turai, ba tare da an rubuta inda ko ɗaya ya fito ba. Don haka idan ruwa ya zaizaye gonarka ya fito da tsohuwar tukunya, ko bakin tanderu, ko kabarin da ba a san mai shi ba, kada ka tona, kada ka sayar. Ka ɗauki hoto a inda abin yake, ka sanar da mai gari, a kai labari ga cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, su turo waɗanda suka iya karantawa.